Ƙanena zai je gasar waƙa ta talabijin: gyara ake yi wa yara a can, ko cin mutunci?

Tambaya daga wani magidanci a Mabera, Sakkwato: "Ƙanena ɗan shekara 21 ne, yana waƙa a situdiyo. Abokansa na ta zuga shi ya tafi Abuja ko Legas tantancewar gasar waƙa irin ta talabijin. Ni kuwa abin da nake gani a waya shi ne alƙalai na ƙyalƙyala dariya, yaro na tsaye yana zufa. Wulaƙanta mutane ake yi a wuraren nan, ko ni ne ban gane wasan ba? In hana shi ko in bar shi?"

Malam, idonka bai yi maka ƙarya ba. Akwai wulaƙanci a wasu daga cikin gasannin nan, kuma shirya shi ake yi kamar yadda ake shirya fitilu da kujerun alƙalai. Sai dai kai bakin alƙali kake kallo, alhali aikin yana farawa tun yaro bai ga alƙali ba, a ƙarasa shi a ɗakin tace hoto bayan ya koma gida. Waɗannan wurare biyu su ne abin dubawa.

Salon nan na alƙalai uku ko huɗu a bayan tebur da mutum ɗaya tsaye gabansu ya yi ƙarfi ne da Pop Idol, wanda Simon Fuller ya ƙirƙira a Ingila a 2001. A 2002 aka kai shi Amurka da sunan American Idol, a 2004 Simon Cowell ya buɗe The X Factor. Mu nan ya iso mu da Idols West Africa a 2007, wanda Timi Dakolo ya lashe, sai Project Fame a 2008, sai Nigerian Idol a 2010. Tun daga tushe haja biyu ake kasawa: makonnin farko a sayar da dariya, makonnin ƙarshe a sayar da gwaninta. Tasha da talla take cin abinci, mai talla kuma yawan idanu yake saye.

Yi wannan ɗan lissafi. In kowane ɗan takara ya ci minti 5 gaban manyan alƙalai, a awa 10 ba hutu mutum 120 kacal za su gani. Masu zuwa kuwa dubbai ne. Ke nan akwai rariya kafin su, galibi hawa biyu ko uku. A hawan farko ƙananan ma'aikata ne ke saurare, mutum ya rera na ƙasa da minti ɗaya ba kiɗa, ko kuma ya tura bidiyo ta intanet kamar yadda aka fi yi yanzu. A hawa na biyu furodusoshi ne, su kuma tambayoyinsu a kan rayuwar mutum sun fi na waƙa yawa. Daga nan ake ware waɗanda za a kai gaban kyamara, kuma iri uku ake nema: gwanayen da za su iya kaiwa ƙarshe, masu labari mai taɓa zuciya, da waɗanda za a yi wa dariya. Mai murya tsaka-tsaki, wanda bai burge ba bai kuma ba da dariya ba, shi ake sallama da wuri. Ya koma gida yana jin haushi, bai san shi ne ya tsira da mutuncinsa ba.

Dubi halin na ukun nan. Mutum ne da ba ya iya riƙe murya ko kaɗan, amma sau biyu ko uku an dube shi an ce ya wuce, an ba shi lamba, an sa masa rana. Ya kira gida ya ce an zaɓe shi cikin dubbai. Babu wanda ya gaya masa dalilin zaɓen. Saboda haka ruɗewar da kake gani a fuskarsa sa'ad da alƙalai suka fashe da dariya ta gaske ce, kuma ita aka yi duk wannan hidima don a ɗauka. A ganina a nan cin mutuncin yake: a san mutum ba zai iya ba, a ɓoye masa, a ɗora shi kan dandamali don faɗuwarsa ta zama kaya.

Ana iya gane alamun tun a wurin. In ma'aikaci ya ce ya bar waƙar da ya shirya ya ɗauki wata da ta fi ƙarfinsa, ko ya ce ya haɗa da rawa, ko ya roƙe shi ya dawo da wata shiga ta daban da ya zo da ita ranar farko, to a yi hattara. Haka in ana ta cusa masa kalamai a baki, ana cewa ya faɗa wa kyamara ya fi wane da wane, ya sake faɗa da ƙarfi. Wanda ake so don muryarsa, tambayarsa ake yi a wane mataki yake jin daɗin rerawa, waƙoƙi nawa ya haddace, ko ya taɓa waƙa da makaɗa kai tsaye. Wanda ake so don dariya, ba mai damuwa da wannan.

Sai ɗakin tace hoto. Ganawar da ta ɗauki minti 10 ana iya matse ta ta koma minti ɗaya da rabi, kuma mai almakashi shi ke zaɓen abin da zai rage. Kyamarori da yawa ke ɗauka a lokaci guda, wasu na kan fuskokin alƙalai, wasu na kan 'yan kallo. Yamutsa fuskar da alƙali ya yi a wani lokaci daban ana iya manna ta daidai inda yaro ya ja murya. Ana iya tsawaita shiru, a saka kiɗan ban dariya a ƙasa, a cire wurin da aka yaba masa a bar wurin da aka gwale shi. Har sautin kansa ana taɓawa. A 2010 masu shirya The X Factor sun amsa cewa sun gyara muryoyin wasu 'yan takara da na'ura bayan ɗauka, da masu kallo suka gano suka yi ca. Hannun da zai iya zuba wa murya ɗaya zuma, zai iya barin wata a bushe ba ko ɗigon amsa-kuwwa, kuma duk wanda ya san situdiyo ya san busasshiyar murya ko ta gwani ce sai ta rage kwarjini.

Amma kada a tattara komai a kira shi wulaƙanci. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Alƙalin da ya ce wa yaro ya fara sama da ƙarfinsa, ko numfashinsa na yankewa a tsakiyar baiti, ko ya sauka daga kan kari, ya yi masa alheri ko da da kaushi ya faɗa, domin ya ba shi abin da zai koma ya gyara. Wanda ya taɓa ƙibarsa, ko haƙoransa, ko karin harshensa, ko garin da ya fito, bai ba shi komai ba sai tabo. Ma'aunin da sauƙi: shin maganar a kan waƙar take ko a kan mutumin, kuma akwai abin da zai iya yi da ita gobe da safe?

Akwai misalan da duniya ta shaida. A 2004 wani ɗalibin jami'a mai suna William Hung ya rera waƙa a American Idol, alƙalai suka yi ta dariya, hotonsa ya zagaya duniya. Ya yi suna har ya fitar da faifai, amma sunan na abin dariya ne, kuma mutane da yawa sun ga cewa kamanninsa da karin harshensa na ɗan asalin Hong Kong suna cikin abin da ake yi wa dariyar. A 2009 aka nuno Susan Boyle a Britain's Got Talent, an fara da haska fuskokin masu yi mata kallon raini saboda shekarunta da shigarta, sai ta buɗe baki wuri ya yi tsit. Ana ba da labarin a matsayin nasara, amma lura da yadda aka gina shi: sai da aka gayyaci mai kallo ya raina ta tukuna. Ta zo ta biyu a ƙarshe, washegari aka kwantar da ita a wani asibiti a Landan saboda gajiya da matsin da ta sha. A nan gida, a Nigerian Idol na 2021, alƙaliya Seyi Shay ta gaya wa wani yaro ɗan shekara 17 cewa ba zai taɓa samun kuɗi da rera waƙa ba, ko da yake ta yaba masa wajen rubuta ta. 'Yan Najeriya suka rabu biyu, wasu na cewa gaskiya ɗaci gare ta, wasu na cewa an karya yaro. Ni ina ganin rabin maganarta gyara ne, rabin kuma hukunci ne a kan gaibu. Muryar namiji ɗan 17 ba ta gama zama ba, ba mai iya yanke mata hukuncin har abada daga minti biyu.

Su kansu masu sana'ar sun san an wuce gona da iri. Da American Idol ya koma tashar ABC a 2018, masu shirya shi sun ce sun daina nuna marasa iyawa don a yi musu dariya kawai. A Ingila, bayan mutuwar wasu da suka fito a shirye-shiryen talabijin na rayuwar zahiri da kuma dakatar da shirin tattaunawa na Jeremy Kyle a 2019, hukumar Ofcom mai kula da kafafen yaɗa labarai a can ta kafa sababbin ƙa'idoji da suka fara aiki a Afrilun 2021, waɗanda suka wajabta wa tashoshi kula da lafiyar zuciyar mahalarta da sanar da su haɗarin da ke cikin fitowa. Sannan akwai salon The Voice, wanda ya fara a Holan a 2010 ya iso Najeriya a 2016. A can alƙalai na juya wa mawaƙi baya, murya kawai suke ji, kuma ana tace mutane sosai kafin dandamali, don haka kusan duk wanda ya hau ya iya. Ka gama waƙa ba kujerar da ta juyo, da ciwo, amma ciwon faɗuwa jarrabawa ne. Ke nan tambaya ta farko da za ka yi wa ƙanenka ita ce wace gasa ce takamaimai. Ku zauna tare ku kalli shirye-shiryen tantancewarta na bara guda biyu ko uku, ku ƙirga mutum nawa aka nuno don a yaba, nawa don a yi dariya. Abin da suka yi bara shi za su yi bana.

Abin da ya sa lamarin ya fi yi wa mutumin Sakkwato zafi shi ne mu ba baƙin zambo ba ne, mun san dokokinsa. Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru da Jankiɗi duk sun yi zambo da habaici masu ƙuna, amma a kan wa? A kan masu ja da ubangidansu, manya masu ƙarfin ramawa, kuma galibi da siffa ake jifa ba da suna ba. Barkwancin Bagobiri da Bayarbe, ko Bafulatani da Babarbare, ko na taubasai, daɗinsa shi ne kowa na da bakin mayarwa. A talabijin ɓangare ɗaya ke riƙe da makirufo da almakashi, ɗayan kuma ya riga ya sa hannu cewa ba zai yi magana ba. Haka kuma a gidan kiɗa na gargajiya ba a fito da ɗanye gaban taro. Yaro zai shekara da shekaru cikin 'yan amshi, ana gyara masa a zaure da kan hanya, kafin a bar shi ya ja waƙa. Ɗanƙwairo kansa ya daɗe yana amshi a bayan yayansa Kurna kafin ya ja nasa ayari.

Kuma a garin nan muke da misalin gasar da ake fafatawa ba tare da tozarci ba. Musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa, wadda Cibiyar Nazarin Addinin Musulunci ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta fara a 1986, daga ƙaramar hukuma take tasowa zuwa jiha zuwa ƙasa. Ba ana haɗa karatun Alƙur'ani da waƙa ba ne, nesa ba kusa ba, tsarin alƙalancin kawai ake nuni da shi. Wanda bai shirya ba tun a ƙasa yake tsayawa, ba mai ɗauko shi ya kai shi babban zaure don a ga kuskurensa. In mai karatu ya yi tuntuɓe a ankarar da shi, a rage maki a kan ƙa'idar da kowa ya sani, shi ke nan. Gasa na iya zafi ba tare da an ci naman kowa ba.

Ɓangaren da tasha ba ta da iko a kansa shi ne mu masu kallo. Shirin na wucewa a dare ɗaya, amma guntun bidiyo na daƙiƙa 30 yana zama a TikTok da WhatsApp shekara da shekaru. A Legas mutum na iya ɓacewa cikin taro. A Sakkwato kafin la'asar an san ɗan gidan wane ne, an kuma raɗa masa suna daga kalmar da ya kuskure, daga majalisar mai shayi har 'yan kabu-kabun Gawon Nama. Ranar da aka zo binciken aure sai wani ya zaro waya. Aya ta 11 a Suratul Hujurati izgili da jifa da laƙabi ta hana, kuma mai turawa yana da kasonsa kamar mai ɗauka. In 'ya mace ce, a ninka duk wannan sau biyu, domin ita ba muryarta kaɗai za a tattauna ba.

Yanzu ga ƙanenka. Babban haɗarin mawaƙin situdiyo na Arewa shi ne bai taɓa jin muryarsa tsirara ba. A situdiyo layi-layi ake ɗauka, a maimaita har sai ya yi, a ninka murya biyu ko uku, a bi ta da manhajar daidaita murya ta Auto-Tune, kiɗan fiyano na riƙe da shi ta ƙasa. A wurin biki kuma faifai ke tashi, shi yana bi da baki. A tantancewa babu ko ɗaya daga cikin waɗannan: ɗaki ne, da shi, da numfashinsa. Yawancin waɗanda zai kara da su kuwa a ƙungiyar mawaƙan coci suka tashi, kowane mako suna rerawa kai tsaye gaban jama'a tun suna yara. Ga kuma matsalar harshe. Ƙarfin mawaƙin Hausa yana cikin hikimar magana, da sarrafa karin sauti, da zubin amsa-amo. Alƙalin da ba ya jin Hausa duk wannan ya wuce shi, rauji kawai yake ji, raujin namu kuma sau da yawa maimaituwa yake yi a ɗan taƙaitaccen fili, domin an gina shi ne a kan jagora da amshi. Cire amshi, ka cire rabin waƙar. In ya wuce matakin farko ma, makonnin gaba za a ba shi waƙoƙin Turanci da na Burokin da wasu harsunan Kudu ya haddace cikin 'yan kwanaki.

Don haka kafin a yi maganar kuɗin mota, a gwada shi a gida. Ya ɗauki kansa a waya, minti ɗaya, ba kiɗa, ba yankewa, ɗauka ɗaya tak. Ya yi haka a ranaku uku daban-daban, har da safiya ɗaya. Sannan a sami mai fiyano ya buga masa sautin farawa, ya rera shi kaɗai har ƙarshe, a sake buga sautin. In ya zame sama ko ƙasa da rabin mataki ko fiye, to kunnensa bai riƙe ba tukuna, kuma wannan shi ne abu na farko da alƙali zai ji. A ba mutum uku da ba su san shi ba su saurari ɗaukar: makaɗin fiyano, da mai koyar da mawaƙan coci in an samu, da dattijon makaɗi na gargajiya. Kada a tambayi abokai, su ne suka kai yawancin waɗanda kake gani ana yi wa dariya. Daga nan ya tsaya gaban baƙi 20 ko 30 ya rera ba faifai, ko sau uku. In ya haye waɗannan, bar shi ya tafi. In bai haye ba, ba hana shi za ka yi ba, ce masa za ka yi baɗi, ya yi wata 6 zuwa shekara yana koyo da mai fiyano sau biyu ko uku a mako. Ba a fafe gora ranar tafiya.

In tafiyar ta tabbata, ya shirya waƙa uku: ɗaya ta Hausa, ɗaya ta Turanci ko Burokin wadda ya ƙware da lafazinta, ɗaya ta ajiya. Kowace ya yanke ta zuwa daƙiƙa 45 ko 60, ya fara daga wurin da muryarsa ta fi fitowa, domin ana iya tsayar da shi kafin ya kai can. Ta Hausar ya faɗi ma'anarta a jimla ɗaya kafin ya fara. Kuskuren da ya fi kayar da mutane shi ne na tsoro: zuciya na bugawa, numfashi ya taƙaita, mutum ya fara sama da inda ya saba kuma da sauri, sai ya iso ƙololuwar waƙar murya ta tsage. Maganinsa ya zaɓi matakin da sautin da ya fi tsawo a waƙar zai tsaya mataki biyu ƙasa da iyakar muryarsa, ya kuma ji sautin farawa a wayarsa dab da zai shiga.

Ya isa garin kwana ɗaya kafin ranar. Wanda ya kwana a mota daga Sakkwato, ya sha ƙura da iskar taga, ya sauka ya shiga layi da asuba, muryarsa ba tasa ba ce, balle a hunturu. Layin kan ɗauki yini. Ya riƙa kurɓar ruwa mara sanyi kaɗan-kaɗan, ya ci abu mara nauyi kamar awa biyu kafin lokacinsa, ya guji yaji mai yawa saboda ƙwannafi, ya bar goro da sigari da shisha. Masu kyamara za su zo layi su ce a yi ihu a yi waƙa. Ya ɗaga hannu ya yi murmushi, ya adana maƙogwaronsa. Minti 10 zuwa 15 na gunji a hankali da baki rufe ya isa ɗumama murya. Kuma ka ja masa kunne a kan duk wani abin da aboki zai miƙo masa da sunan maganin tsoro, ƙwaya ko na kwalba. Yana kashe kunne, mutum ya sauka daga kan kari bai sani ba, ya kuma saki baki gaban kyamara.

Bakin nan shi ne abu na gaba. Duk abin da ya gaya wa furodusa a hira, ya ɗauka ya gaya wa duniya. Za a tambaye shi maraici, da talauci, da ko gida sun yarda, da ko rashin tsaro ya taɓa danginsa. In ya ce mahaifinsa ya hana shi waƙa, labarin da za a gina ke nan: yaro ɗan Arewa da ya gudo daga gidan da ba a son waƙa, ku kuma ku zama azzaluman labarin. Ku zauna tun a gida ku yanke abin da za a faɗa da wanda ba za a faɗa ba. Kada ya yi cika baki ko an roƙe shi. In aka yi masa dariya, ya yi godiya, ya tambayi abu ɗaya da zai gyara, ya fita. Akwai kyamara a bakin ƙofa da aikinta kawai ta kama kuka ko zagi, kuma ƙaramin makirufon da aka maƙala masa a riga yana ɗauka har sai an cire shi. Wanda ya raka shi ma ana ɗaukarsa, don haka a tura mai sanyin rai.

Takardar da za a ba shi ya sa wa hannu ita ce ke halatta duk abin da aka lissafa a sama, kuma sau da yawa a cikin layi ake miƙa ta, ana hanzarta mutum. Ya nemi a turo masa ita tun kafin ranar, ko ya ɗauki hoton kowane shafi ya turo maka ka kai wa lauya. A duba ko ta ba su ikon yanka da haɗa hotonsa yadda suka ga dama, da amfani da shi har abada a kowace kafa. A duba ko akwai inda ya yafe ƙara ko da abin da aka nuna ya kunyata shi, domin irin wannan sharaɗi sananne ne a takardun shirye-shiryen Amurka, kuma daga can ake kwafo da yawa. A duba tsawon lokacin da aka hana shi magana da 'yan jarida ko sa hannu da wani kamfani, da wanda zai biya mota da masauki, da kuma makomar waƙar da ya rubuta da kansa in ya rera ta a shirin. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta ba mai rerawa haƙƙi a kan ɗaukar wasansa, amma sa hannunsa izini ne, ya ba da ya ba da. Gara ya bar sabuwar waƙarsa da bai fitar ba a gida. Kyautar ma a karanta ta da kyau: a Nigerian Idol na 2022 an tallata kyautar Naira miliyan 100, tsabar kuɗin ciki miliyan 30 ne, sauran mota ce da kayayyaki da aikin faifai. Wanda kuma ya ce a biya kuɗin fom mai tsoka ko kuɗin ganin alƙalai, a bincike shi sosai, domin manyan gasanni daga masu talla suke samun kuɗinsu.

Ka kuma cire masa tunanin cewa hukuncin tebur ɗin nan shi ne ƙaddararsa. Jennifer Hudson ta bakwai ta zo a American Idol na 2004, a 2007 ta karɓi kyautar Oscar. Mawaƙiya Omawumi ta biyu ta zo a Idols West Africa na 2007, kuma da yawa daga waɗanda suka zo na ɗaya a gasanni daban-daban yau ba a jin ɗuriyarsu.

In abin ya riga ya faru, an ɗauka kuma bai yi kyau ba, akwai tazarar makonni ko watanni tsakanin ɗauka da nunawa, a yi amfani da ita. Ya gaya wa iyaye da manyan gida da bakinsa kafin su gani a wayar wani. Ya rubuta wa masu shirin yana roƙon kada a nuna, ya ajiye kwafi. Ba dole su amsa ba, amma wani lokaci sukan bari, musamman in akwai batun lafiya ko ƙarancin shekaru. In an nuna kuma an haɗa abin da bai faru ba, ko an taɓa ƙabilarsa ko addininsa, ana kai ƙorafi a rubuce ga Hukumar Kula da Kafafen Yaɗa Labarai ta Ƙasa, NBC, tare da sunan tasha da rana da lokaci da kwafin bidiyon. Hukumar na iya jan kunnen tasha, amma ba ta iya kwaso abin da ya riga ya shiga wayoyin mutane. A makon da aka nuna, ya rufe wurin sharhi a shafukansa, kada ya mayar wa kowa, kada kuma 'yan gida su shiga faɗa a madadinsa, domin kowace amsa ƙara wa bidiyon tafiya take yi. Bayan kamar mako biyu, in ƙura ta lafa, ya saki ɗauka guda mai kyau ta waƙar nan da ya faɗi a kanta, kai tsaye, shi da mai fiyano ɗaya, a matakin da ya dace da muryarsa.